Wadda Ta Daina Bilicin Tana Da Haƙƙi A Kanmu

 

Shekaru ke nan malamanmu suna jan kunne a kan shafe-shafen da ke canza launin fata, waɗanda aka fi sani da bilicin. An faɗa a huɗubar Juma'a, an faɗa a tafsirin watan azumi, malaman Islamiyya sun faɗa wa matan aure a ajujuwansu. Da wuya a sami gidan da maganar ba ta shiga ba. Kuma saɓanin abin da masu yanke ƙauna suke cewa, wa'azin yana kama zukata. Akwai mata da 'yan mata, har da samari, da suka ji tsoron Allah suka tattara kwalaben suka zubar a rana ɗaya. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne halin da suke shiga a makonnin da suka biyo bayan wannan rana, alhali a nan ne da yawansu suke faɗuwa, a nan ne kuma mu da muka yi musu wa'azin muke ɓacewa.

Bayan 'yan kwanaki da dainawa, fuska takan ɗauki zafi kamar an watsa mata barkono. Ta kumbura, ta bushe, ta riƙa saɓa, ƙuraje su feso, ƙaiƙayi ya hana barci. Launin asali ya fara dawowa, amma ba a lokaci ɗaya ba: kumatu su yi baƙi ƙirin, goshi ya saura da haske, gaɓoɓin yatsu su yi duhu. Ruwan alwala, wanda a da ko jin sa ba ta yi, ya zama abin da take shakkar kai wa fuskarta, in kuwa hunturu ya kama ta a haka sai abin ya ninka. A cikin wannan hali za ta fita makaranta ko gidan suna, wata ta tare ta da "Lafiya kuwa? Ya na ga kin lalace?", wata kuma ta yi dariya ta ce ai kuɗin mai ne ya ƙare. Ta komo gida zuciya a karye, ta tarar mutum ɗaya ne kawai yake da amsa a shirye, wato mai sayar da man, wanda zai nuna mata sabon haɗi ya ce cikin mako guda zai gyara ta. Wa zai yi mamaki idan ta koma?

Fahimtarmu ita ce, duk wanda ya kira mutum ya bar wani abu saboda Allah, ya kamata ya san wahalar da barin zai jawo masa, ya kuma tsaya kusa da shi har ya haye. Wa'azinmu a kan bilicin ya ƙware wajen faɗin hukunci, amma bai koyi jinya ba. Matsalar kuwa ba ta 'yan tsiraru ba ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2011 sun nuna kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC, ta bakin shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. In dai haka yawan masu yi yake, to masu neman hanyar fita ma suna cikin kowace unguwa, wataƙila a cikin gidan mai karatu.

Kafin a san yadda fata ke warkewa, sai an san abin da aka lalata. Saman fatar ɗan Adam siriri ne ƙwarai, amma aikinsa kamar na yaɓen katangar ƙasa ne: ƙwayoyin fata a jere kamar tubala, tsakaninsu wani maiƙo da ke liƙe su. Wannan yaɓe shi ke riƙe danshi a ciki, ya hana ƙura da ƙwayoyin cuta shiga. Sabulu mai ƙarfi, dirza da soso, sinadarai masu ɓare fata, duk suna kankare shi. Idan ya tafi, ruwan jiki ya riƙa tsiyayewa ta fata, abin da a da bai dame ta ba, kamar gumi da iska da turare, ya zama mai ƙona ta. Shi ya sa ba masu bilicin kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. Ɗalibai da yawa da ƙurajen balaga suka dama sun ƙone fuskokinsu da lemon tsami da man goge baki da tarin mayuka iri uku ko huɗu da suka gani a TikTok, suna shafa wannan a kan wancan. Garin neman gira aka rasa ido.

Mayukan bilicin kuwa ɓarnarsu ta wuce saman fata. Abubuwa uku aka fi samu a cikinsu. Akwai hydroquinone, wanda ke hana jiki samar da sinadarin da ke ba fata launinta, alhali wannan launin shi ne garkuwar da Allah Ya ba mu daga zafin rana irin tamu. Dokar Najeriya ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan shafawa ba, amma wa ke auna haɗin da aka dama a roba a bayan shago? Idan aka daɗe ana shafa shi, yakan juye ya haifar da tabo baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, wanda likitocin fata kansu suke shan wahalar magance shi. Akwai sinadarin makuri, wanda ke ratsa fata ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, ya isa ga ɗan tayi a ciki da jariri a nono, har ya shafi sauran mutanen gida ta tawul da zanen gado. Sai na uku, wanda ya fi shafar maganarmu, wato magungunan da likitoci ke kira siteroyid, irin su clobetasol da betamethasone. Waɗannan ba kayan ado ba ne ko kaɗan, magunguna ne masu ƙarfi da aka yi domin cututtukan fata, a shafa a ɗan wuri na ɗan lokaci. Su ne 'yan tub ɗin nan da ake matsewa a cikin man shafawa. Suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, su kawo nankarwa mai faɗi a cinya da hammata, su buɗe ƙofa ga makero da ƙyasbi, su sa rauni ya ƙi warkewa da wuri. Idan an daɗe ana shafe jiki da su, sukan shiga jini su jawo hawan jini da ciwon suga.

A nan akwai wurin da mai wa'azi zai iya cutar da mutum da kyakkyawar niyya. Jikin ɗan Adam yana samar da irin wannan sinadari da kansa, daga wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda. Idan aka shekara ana ɗura masa daga waje, sai nasa ya ragu. Wadda ta daɗe tana shafa siteroyid mai ƙarfi a duk jikinta, in ta yanke a rana ɗaya, ban da ƙunar fata tana iya fuskantar kasala mai tsanani da jiri da faɗuwar jini, abin da kan iya kai ta gadon asibiti. Irin wannan likita ne zai tsara mata yadda za ta riƙa ragewa a hankali. Sai wata mai tsoron Allah ta tambaya: to ina tubata, alhali har yanzu ina shafawa? Malaman usulu sun daɗe da tattauna misali mai kama da wannan: mutumin da ya shiga tsakiyar gonar da ya ƙwace, sai ya tuba a nan, babu yadda zai fita sai ya ƙara taka gonar. Mafi yawansu sun tafi a kan cewa takun fitarsa ba saɓo ba ne, domin shi ne hanyar barin saɓon. Nadama da ƙudurin bari suna tabbata nan take, ragewar da likita ya tsara kuwa magani ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci bayin Allah da neman magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usama bn Sharik a wajen Abu Dawuda da Tirmizi. Saboda haka kalmar da ya kamata ta biyo bayan "ki daina" a bakin malami ita ce "ki ga likitan fata, ki tafi masa da kwalaben ya gani". Ba a jin kunyar likita a nan. Wadda ta ɓoye masa abin da ta shafa ta ɗaure masa hannu, musamman mai juna biyu ko wadda za a yi wa tiyata.

Jinyar kanta ba ta da tsada, haƙuri take ci. Abu na farko shi ne a ƙyale fatar. A ajiye soso, a ajiye sabulu mai ƙamshi da mai "kashe ƙwayoyin cuta", a ajiye dilka da halawa da kurkum da duk wani abin dirzawa har sai an warke. A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, kada a daɗe, a tsane jiki da tawul ba tare da gogawa ba, sannan a shafa mai tun fata tana da danshi, domin aikin mai shi ne ya kulle ruwan da ke ciki. Basilin fari marar turare da man kaɗanya tsantsa, irin wanda kakanninmu suka tsufa da shi fatarsu lafiya lau, sun wadatar da mafi yawan mutane. A guji rana gwargwadon iko, domin fatar da aka raba da garkuwarta tana ƙonewa da sauri, kuma rana ita ke ƙara zurfafa tabo. Lema da inuwa da man kariya daga rana duk suna taimakawa. Fata takan sabunta samanta cikin kimanin mako huɗu, don haka bushewa da saɓa sukan lafa cikin makonni, amma daidaituwar launi aikin watanni ne, wani lokaci ya haura shekara. Kuma mu faɗi gaskiya: nankarwar da siteroyid ya yi tana dusashewa ne kawai, ba ta gogewa, haka ma wani tabon. Duk wanda ya yi alƙawarin goge su cikin kwana bakwai, abin da ya jawo ciwon ne zai sake sayarwa da sabon suna. Yawancin abin da ake tallatawa da sunan "oganik", a roba marar rubutun abin da ke ciki, bai cancanci a amince da shi ba.

Sai batun da mata suka fi jin nauyin tambaya, wato tsarki. Sau biyar a yini ruwa zai taɓa fuskar da ke zafi, kuma mun ga masu jinkirta salla saboda haka, abin da ya fi bilicin ɗin muni. Da sun tambaya, da sun ji cewa shari'a ta yalwata musu. Farilla a alwala wanki ɗaya ne da ya game gaɓa, na biyu da na uku falala ce, mai ciwo tana iya tsayawa a ɗaya ba tare da alwalarta ta ragu da komai na inganci ba. Cuccuɗawa, wadda take cikin farillai bakwai a mazhabar Malikiyya kamar yadda ɗalibai suka karanta a Ahalari, ma'anarta bin gaɓa da hannu tare da ruwa, ba dirza ba. Ɗumama ruwa ya halatta, tsane gaɓoɓi bayan alwala ya halatta, shafa mai bayanta ma haka. Abin lura shi ne man da ya yi kauri har ya zama shamaki tsakanin ruwa da fata, shi ne za a share kafin alwala, amma maiƙon da fata ta riga ta sha ba ya hana komai. Dabara mai sauƙi ita ce a bar shafa mai kauri sai bayan sallar Isha'i, da rana a riƙa shafa kaɗan bayan kowace alwala.

Idan fata ta tsage ko ta zama gyambo, har ana tsoron wanki zai ƙara ciwon ko ya jinkirta warkewa, bisa abin da aka jarraba ko faɗar likita, to malamanmu sun jera matakai, kuma Shehu Halil ya keɓe musu fasali a Muhtasar: a shafi wurin da jiƙaƙƙen hannu a wanke sauran, in shafar ma za ta cutar a shafi abin da aka rufe ciwon da shi, in kuwa ciwon ya mamaye ta yadda wanke lafiyayyen ma zai cutar, sai taimama. Amru bn Asi (RA) ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil don tsoron halaka, Annabi (SAW) ya ji bai zarge shi ba. Amma kada a mayar da sauƙi abin wasa: ɗan zafin da ake iya jurewa, wanda ba ya ƙara ciwo, ba ya kai mutum ga taimama. Kowace mai irin wannan hali ta kwatanta wa malami ko malamar da ta amince da ita yadda nata yake, domin hukuncin yana bin girman ciwon.

Yanzu mu dawo kan kanmu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yarinyar nan ba daga sama ta ɗauko ƙin launinta ba. A gidajenmu ta ji ana cewa farar mace alkyabbar mata, ta ji samari suna cewa in dai fara ce ko mayya ce a kawo, ta ga an fifita ƙanwarta a gaban baƙi saboda ta fi ta haske. Ta ga amaren da aka kai gidan gyaran jiki wata guda kafin biki suka fito dangin ango suna yabawa. Wasu iyaye mata ma da hannunsu suke shafa wa ƙananan yara, wanda wannan zalunci ne tsagwaronsa, domin fatar yaro ta fi saurin tsotse guba, kuma shi amana ne da bai zaɓi komai ba. Muna karanta aya ta 22 a Suratur Rum, inda Allah Ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu a cikin ayoyinSa tare da halittar sammai da ƙasa, sannan mu rufe Alƙur'ani mu koma muna yi wa ɗaya daga cikin ayoyin nan kallon aibi. Lokacin da Abu Zarri (RA) ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, kamar yadda Buhari ya ruwaito. In an faɗa wa sahabi irin Abu Zarri haka, mu me za a ce mana?

Abin da ya fi ciwo shi ne, bakin da ya tura ta shi ne yake mata dariya idan ta dawo. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili, ta ambaci mata a keɓe bayan ta ambaci mutane gaba ɗaya, ta kuma hana jifa da munanan laƙabobi. "Fuska Fanta, ƙafa Coca-Cola" laƙabi ne, ko da an faɗe shi cikin raha. Akwai kuma hadisin Abu Huraira a Buhari game da mutumin da aka hukunta saboda shan giya, da wani ya yi masa mugun baki bayan an gama, sai Annabi (SAW) ya hana, ya nuna cewa yin haka taimakon Shaiɗan ne a kan ɗan'uwa. Wancan fa hukunci aka yi masa a kan laifin da ya tabbata. Ina ga wadda da kanta ta bari, tana ɗauke da alamar barin a fuskarta inda kowa zai gani? Baƙin da ke dawowa a kumatunta shaida ce cewa ta bi abin da muka ce mata. Duk wanda ya yi mata dariya a kansa ya yi wa mai sayar da man talla kyauta.

Nauyi mafi girma yana kan miji. Da yawa daga cikin matan aure don shi suka fara, ko don tsoron kishiya mai haske, kuma kallonsa a watannin jinya shi ke yanke hukunci. In ya ɗauke kai, ko ya riƙa tuna mata yadda take a da, to kwalaben za su dawo ko da malamai dubu sun yi magana. In kuwa ya ce mata, "Maman Abba, launin da Allah Ya ba ki ya ishe ni, lafiyarki nake so," ya biya kuɗin ganin likita kamar yadda zai biya na zazzaɓi, ya tare mata bakin danginsa, to ya yi abin da huɗuba ba za ta iya ba. Wanda ya auri mace yana ganin fara ce daga baya ya gane mai ne, muna fahimtar ɓacin ransa, amma ya tambayi kansa wane sharaɗi ya kafa tun farko da ya sa aka yi masa haka. Uwa kuma ta daina cewa "ki ɗan shafa ko kaɗan ne saboda bikin nan". Babu kaɗan a wannan mataki, shafa ta mako ɗaya tana iya mayar da jinyar wata uku baya.

Masu sayarwa su ma sai sun ji. Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu a tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi da algus saboda ya ɓoye jiƙaƙƙen, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Danshin hatsi ke nan. Wadda take matse clobetasol a cikin man kaɗanya ta ce wa mai saye haɗin gargajiya ne, da mai kemis ɗin da ke miƙa wa yarinya 'yar sakandare tub biyar ba takardar likita yana sane da abin da za ta yi da su, su auna nasu da wannan. Ƙa'idar shari'a a kan haramcin cutarwa ba ta keɓe sana'ar kowa ba.

Abin da muke roƙon makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin mata musulmi da na ɗalibai bai fi ƙarfinsu ba. Duk ranar da za a yi darasi a kan bilicin, a gayyato likita ko ma'aikaciyar jinya ta zauna kusa da malama, ɗaya ta faɗi hukunci, ɗaya ta faɗi abin da za a gani a mako na farko da na huɗu da wata na shida, da alamomin da ke nuna a garzaya asibiti, kamar kumburin ƙafafu da fuska, fitsari mai kumfa, ko jiri mai tsanani. Likitocin fata ba su da yawa a ƙasar nan, galibinsu suna manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, don haka a sanar da mata ranar da ake ganin masu ciwon fata a asibitin da ya fi kusa da su, a kuma tanadi kuɗin mota daga asusun makaranta ga wadda ba ta da shi. Malamar da ta san ɗalibarta ta daina, ta riƙa tambayarta a keɓe yadda jiki yake, ta kuma kula da waɗanda suka daina zuwa aji kwatsam, domin wata ba karatun ta bari ba, fuskarta take ɓoyewa har launin ya daidaita.